Yashi a bakin kwalbati: ƙa'idojin wurin gini a ƙasar da ruwan sama yake baƙo

Duk wanda ya taɓa aiki a wurin gini a Jidda ko Makka, lebura ne ko birkila ko direban tipa, ya san abubuwan da ma'aikacin baladiyya, wato hukumar kula da gari, yake fara dubawa idan ya tsaya da motarsa a bakin fili. Zai duba ko an kewaye wurin da shinge, ko allon da ke ɗauke da bayanin lasisin ginin yana kafe inda mai wucewa zai gani, ko akwai kwantenar zuba ɓaraguzai wadda a nan ake kira hawiya, sannan ya dubi titi ya ga ko yashi da tsakuwa sun malalo kan kwalta. Yawancin 'yan uwanmu da ke wannan sana'a suna ɗaukar waɗannan sharuɗɗa a matsayin ƙa'idar tsafta kawai, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin hukuma da kanta takan sa su cikin yaƙin da take yi da abubuwan da ke ɓata kyan gari. Sai dai tulin yashin da aka jibge a gefen titi yana da wata illa da ba ta bayyana sai rana ɗaya ko biyu a shekara, wani lokaci ma sai an yi shekaru ba a gan ta ba, kuma wannan jinkirin shi ne ya sa ƙa'idar take da wuyar kiyayewa.

Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta yi daidai da 8 ga Zulhajji 1430, alhazai suna haramar fita Mina, ruwa ya sauka a Jidda na 'yan sa'o'i, ya gangaro daga duwatsun gabashin gari ya afka wa Guwaiza da Kilo 14 da unguwannin da ke kewaye da su, ya hallaka mutum fiye da 120. A watan Janairu na 2011 aka sake kwatawa, har madatsar Ummul Khair ta ɓalle. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 kuwa, cibiyar hasashen yanayi ta ƙasa ta auna milimita 179 a kudancin Jidda cikin kimanin sa'a shida, aka rufe makarantu, aka tsayar da zirga-zirga a babbar hanyar Makka na wani lokaci. Wannan a garin da ruwan shekararsa gaba ɗaya ba ya kai milimita 100 a yawancin shekaru. Lissafin ba shi da wuya: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Filin gida mai murabba'in mita 600 ya karɓi lita sama da 107,000 a wannan ranar, hekta ɗaya kuma ta karɓi lita 1,790,000. Ruwa mai wannan yawa dole ya nemi mafita, kuma duk abin da ya tarar a kwance ba a danne ba, yashi ko turɓaya ko buhun siminti ko katako, da shi zai tafi.

Bahaushen da ya taso a Kano ko Gombe ya san zaizayar ƙasa irin ta damina, wadda take cin gefen hanya kaɗan kaɗan, kwazazzabo yana ƙara faɗi kowace shekara har ya doshi gidajen mutane, kowa yana kallonsa yana tafe. Ta Hijaz dabam take. Jidda tana zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Tihama, Bahar Maliya a yammacinta, duwatsu a gabashinta, kuma duwatsun tsirara suke, babu ciyawa babu ƙasa mai kauri da za ta riƙe ruwa. Abin da ya sauka a kansu yana tattaruwa nan da nan cikin kwaruruka, wato wadi, waɗanda suke a bushe shekara da shekaru har baƙo ya ɗauka fili ne mai kyau na gini. Fuskar ƙasar hamada kuma, idan ba a taɓa ta ba, tana da wani ɓawo na tsakuwa da ƙasa mai tauri, kamar fakon da muka sani a gida, wanda yake kare lallausar ƙasar da ke ƙarƙashinsa daga iska da ruwa. Ranar da katafila ta kankare wannan ɓawo, ɓarna biyu take yi a lokaci guda: ta fito da ƙasa mai laushi fili, sannan manyan motocin da ke shiga da fita su daddaɓe sauran wurin har ruwa ya kasa nitsewa. Ruwan da ke gudu ya ƙaru, abin da zai kwasa ma ya ƙaru.

Ruwan da ya ɗauko laka da tsakuwa ya fi ruwa zalla nauyi da ƙarfin turi, shi ya sa yake iya jan mota kamar kwando. Amma babbar ɓarnarsa tana faruwa ne inda gudunsa ya ragu, a bakin kwalbati da cikin magudana da ƙarƙashin gada, domin a nan yake sauke kayansa. Magudanar da injiniya ya auna faɗinta da zurfinta don ta ɗauki ruwa mai yawa, idan yashi ya cika rabinta, ta zama wata ƙaramar magudana da babu wanda ya tsara ta, sauran ruwan kuwa titi zai bi ya shiga gidaje. Ana iya kashe dukiya mai ɗimbin yawa a gina hanyar ruwa, 'yan kwangila goma da ke saman unguwa su toshe ta da yashinsu cikin sa'a guda ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ya yi niyyar haka ba.

Makka ta daɗe da sanin wannan. Harami yana cikin kwarin Ibrahim ne, kuma sunayen unguwanni ma suna faɗin inda ruwa yake nufa: Ma'ala ita ce sama, Misfala, inda Hausawa da yawa suka zauna tun zamanin zuwa hajji a ƙasa, ita ce gangare. A zamanin halifancin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ambaliyar da ake kira ta Ummu Nahshal ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa har sai a ƙasan gari aka same shi, halifa ya zo ya mayar da shi, ya kuma sa aka yi datsi a saman gari don karkatar da ruwa. A 1630 ambaliya ta rushe wani sashe na bangon Ka'aba, aka sake gina ta a zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Murad na huɗu. A 1941 ruwa ya cika Harami har aka ga masu ɗawafi da iyo. Garin da ake fasa duwatsunsa yau ana gina dogayen benaye shi ne dai wannan garin, gangarensa bai canja ba.

Wanda yake son sanin abin da doka take nema a wurin gini sai ya tattaro shi daga wurare da dama, domin sharuɗɗan sun rarrabu tsakanin hukumomi. Na farko kuma mafi kusa da ƙaramin ɗan kwangila shi ne lasisin gini, wanda ake nema ta manhajar Balady ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da baladiyyoyi da gidaje. A nan ne ake samun sharuɗɗan shinge da hawiya da kwashe ɓaraguzai zuwa wurin da aka amince, da rufe bayan tipa da tamfol, da hana jibge kayan gini a kan titi. Maƙwabcin da abin ya dama yana iya kiran 940 ya kai ƙara. Kundin ƙa'idojin gini na Saudiyya kuma yana da sashe kan ƙasa da harsashin gini, wanda ya shafi gwajin ƙasa da haƙa da cike da daidaita gangaren fili don kada ruwa ya kwanta a gindin gini.

Sama da wannan akwai dokar muhalli da aka zartar a 2020 ta fara aiki a 2021, ƙarƙashin ma'aikatar muhalli da ruwa da noma. Cibiyar ƙasa mai sa ido kan bin ƙa'idojin muhalli ita ce take ba da izinin muhalli, kuma an kasa ayyuka gida uku gwargwadon illar da ake tsammanin za su yi. Ƙaramin aiki ba a tsananta masa ba, babban aiki kuwa sai an yi cikakken nazarin abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da iska, a rubuta yadda za a rage shi tun daga lokacin haƙa. Hukuncin manyan laifuffuka a wannan doka yana kaiwa ɗaurin shekara 10 da tarar riyal miliyan 30. Akwai kuma dokar sharar gari ta 2021, wadda ɓaraguzan gini da na rusau suka shiga cikinta. Ɗiban yashi da tsakuwa daga wadi ko jeji yana buƙatar lasisi daga ma'aikatar masana'antu da ma'adinai, kuma dakarun tsaron muhalli na ma'aikatar cikin gida suna kama masu yi ba da izini ba tare da motocinsu.

Ambaliyar 2009 ce ta sa aka tsananta maganar wadi. Sarki Abdullahi ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan yankin Makka, Yarima Khalid Al-Faisal, ya ba da umarnin a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan ɗaya, aka gurfanar da jami'ai da 'yan kasuwa gaban shari'a. Daga baya aka gina madatsun ruwa a kwarurukan gabashin Jidda da manyan magudanai da ke kai ruwa teku, aka ɗora wa kamfanin mai na Aramco kula da aikin. Aka kuma ƙarfafa hanin mallaka da gini a cikin wadi da hanyoyin ambaliya, aka sa nazarin hanyar ruwa ya zama sharaɗi kafin a amince da yanka sababbin filaye. A ganina wannan shi ne mafi amfani cikin duk abin da aka yi, domin babu wata dabarar tare laka da za ta ceci ginin da aka kafa a tsakiyar hanyar ruwa.

Sharaɗi mafi tsauri, abin mamaki, sau da yawa a cikin takardar kwangila yake. Manyan masu ba da aiki irin su Aramco da hukumar da ke kula da biranen masana'antu na Jubail da Yanbu suna da nasu ƙa'idojin muhalli, kuma duk ginin da ke neman shaidar LEED, wato takardar da ke nuna gini ya kiyaye muhalli, dole ne ya rubuta shirin hana zaizaya da tare laka tun kafin a fara haƙa. Asalin wannan tsari daga Amurka yake, inda dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta zama tushe, kuma duk aikin da zai buɗe ƙasa eka ɗaya ko fiye sai ya nemi izinin sakin ruwan sama, ya kuma rufe duk sashen da aka daina aiki a kansa cikin kwana 14.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin dabarun da aka tsara don ƙasa mai yayyafi da ciyawa ba duka ne suke aiki a Hijaz ba. Littafin ƙa'idojin Amurka yana cewa a shuka ciyawa a kan gangaren da aka buɗe. Wace ciyawa za ta tsiro a gefen dutsen Makka a watan Yuli, kuma wa zai biya kuɗin tankar ruwa, wadda a nan ake kira wayit, don a shayar da ita? Littafin yana cewa a kafa shingen ƙyalle mai tace laka a ƙasan fili. Wannan shinge an yi shi ne don ruwa mai malala a hankali, rana tana cinye ƙyallen cikin 'yan watanni, kuma ruwan da ya taho da duwatsu ba ya ko lura da shi. Na sha ganin irin wannan shinge a kafe don mai duba aiki ya ɗauki hoto, gindinsa ko a binne ba a binne ba, iska tana wasa da shi. Abin da ya fi dacewa da nan shi ne kayan nauyi da tunanin gangare: a yi tudun ƙasa ko lambatu a saman fili don ruwan da ke tahowa daga waje ya kewaye wurin haƙa, a jera duwatsu a cikin lambatun nan da can don su karya gudun ruwa, a shimfiɗa tsakuwa a kan gangaren da ba za a taɓa ba da wuri, a ajiye tulin yashi a tudu nesa da magudana a rufe shi, a zuba manyan tsakuwa a ƙofar fita don tayoyin mota su kakkaɓe laka kafin su hau kwalta. Mafi arha cikinsu duka shi ne kada a kankare ƙasar da ba a shirya ginawa ba tukuna, amma shi ne aka fi ƙi, domin kawo katafila sau ɗaya ta share komai ya fi sauƙi ga aljihun ɗan kwangila.

Akwai kuma ramin da ake haƙawa a ƙasan fili don ruwa ya tsaya laka ta kwanta kafin a sake shi, kamar ƙaramin kududdufi. Amfaninsa ya dogara ga girman ƙwayar ƙasa. Yashi mai laushi yakan nitse zurfin mita ɗaya cikin kimanin minti biyu. Turɓayar da ƙwayarta ta fi wannan ƙanƙanta sau goma tana buƙatar wajen sa'a uku, yumɓun da ya ƙara ƙanƙanta sau goma kuwa sai ya yi kwanaki fiye da goma yana yawo a cikin ruwa. Ke nan ramin yana kama yashi da tsakuwa, waɗanda su ne masu toshe kwalbati, amma jan ruwan nan mai kama da kunu zai wuce abinsa. A Jidda inda yake zuwa sananne ne. Murjanin Bahar Maliya halitta ce mai rai da ke dogara ga hasken rana, kuma laka tana dushe hasken, tana kuma kwantawa a kansa ta shaƙe shi. Wannan ne ya sa ayyukan bakin teku suke kafa labule a cikin ruwa kewaye da wurin haƙa, suna auna gurɓacewar ruwan a kai a kai.

Wani abin da ba ya jiran ruwan sama shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa. A sassa da yawa na Jidda ba a yin nisa da haƙa ake tarar da ruwa mai gishiri, sai a kafa injin janye shi dare da rana har a gama harsashi. Sakin wannan ruwa a titi ko cusa shi cikin magudana ba da izini ba laifi ne, kuma idan bai bi ta tankin da zai kwantar da yashinsa ba, a hankali yake cika magudanar a lokacin da kowa yake ganin sama tas. Haka ma ruwan wankin motar kankare, wanda yake daskarewa a duk inda aka zubar da shi. Maganar ƙura kuwa an fi saninta, tunda kullum ake shaƙarta: yayyafa ruwa, rufe tipa, rage gudu a cikin fili. Abin lura kawai shi ne ƙasar da iska take ɗauka yau ita ce ruwa zai ɗauka gobe, don haka maganinsu kusan ɗaya ne.

Rusau ɗin da aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, wanda ya shafi unguwanni da dama da Hausawa suka sani ciki da waje, irin su Karantina da Gulail da Betromin da Sabil, ya bar manyan filaye a buɗe a tsakiyar gari. Filin da aka rushe aka share, kafin a fara gini a kansa, yana cikin halin da ya fi kowane haɗari ta fuskar zaizaya, domin babu rufi, babu tsohon lambatu, babu kuma ɗan kwangilar da ke kwana a wurin.

Saura maganar wanda laifi yake hawa kansa. A takarda, mai lasisi da babban ɗan kwangila su ne ke da alhakin wurin. A aikace kuwa aiki yana sauka hawa hawa, daga babban kamfani zuwa ƙarami, daga ƙarami zuwa mai tipa ɗaya, kuma kowane hawa yana rage kuɗin. Idan aka zo kan direba, wurin zubar da ɓaraguzai da aka amince yana da nisa, mai yana da tsada, wadi kuma ga shi nan kusa babu kowa da dare. Shi za a kama da mota a hannu, kuma mai zama da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, ya san abin da shiga hannun hukuma yake nufi gare shi da iyalinsa. Hausawa suna cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan harka ruwan yakan tsallake wanda ya rage kuɗin ya doki direba, sannan ya doki talakan da ke haya a gangare, wanda sau da yawa ɗan uwan direban ne. Saboda haka direban da ya san ciwon kansa ba ya ɗaukar kaya sai an faɗa masa inda za a sauke, kuma yana riƙe takardar shaidar saukewa, ba ya kuma ɗiban yashi a inda bai ga lasisi ba ko da maigidansa ya ce babu komai.

Inda nake ganin rauni ya fi yawa shi ne ƙananan filaye. Babban aiki yana da injiniyan muhalli da rubutaccen shiri da mai duba shi, amma a ginin gida ɗaya ko bene mai hawa huɗu ban taɓa jin an tambayi mai kula da aiki ina ruwa zai bi idan ya sauka ba, alhali irin waɗannan filaye ne suka fi yawa, kuma su ne ke bakin magudanan unguwa. Ruwan Jidda da Makka ya fi zuwa tsakanin Nuwamba da Janairu, cibiyar hasashen yanayi kuma tana fitar da gargaɗi mai launi, rawaya da ruwan goro da ja. Tsakanin jan gargaɗi da saukar ruwa akan samu 'yan sa'o'i, kuma sun isa a fitar da ma'aikata daga cikin rami, a ja tamfol a kan yashi a danne shi da bulo, a ɗaga buhunan siminti daga ƙasa, a jera buhunan yashi a ƙofar fili, a kwashe abin da ya taru a bakin kwalbatin da ke kusa, a kuma matsar da hawiya idan an ajiye ta a kan hanyar ruwa. Bayan ruwa ya ɗauke, lakar da ta fita titi a kwashe ta da shebur tun tana da danshi a mayar cikin fili, kada a bi ta da tiyo a kora ta cikin magudana.